Yatsu Uku a Tsintsiyar Hannun Jummai

Zazzaɓin Jummai ba irin wanda ke kayar da mutum a taru a kansa ana salati ba ne. Da hantsi lafiyarta lau, tana iya shara, tana iya tankaɗe. Sai an yi azahar wani ɗumi ya taso mata daga tafin hannu, ya haura wuya, ya zauna a goshi har magariba, sannan ya sauka ya bar ta jiƙe da gumi kamar wadda ta yi dakan gidan biki. Maƙwabciyarsu Rahila, wadda ake kira Maman Dauda, mutuniyar Filato da ke aikin jinya a wani ƙaramin asibiti, takan sa mata ma'aunin zafi a hammata, kuma abin da yake nunawa kaɗan ne ya ɗara na mai lafiya. Amma wata goma sha ɗaya ke nan kaɗan ɗin nan bai fasa zuwa ba ko rana ɗaya, Jummai kuwa sai zubewa take yi. Abinci ba ya shiga, wanda ya shiga ba ya zama.

Mijinta Sada direba ne a wani kamfanin 'yan Sin da ke haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan Katsina. Ya kai ta asibiti har ma'aikatan suka san fuskarsa. An gwada jini an nemi zazzaɓin cizon sauro, an nemi taifot, an ɗauki hoton ƙirji, an duba kaki. Har gwajin nan da mutane ba sa son ambaton sunansa Rahila ta lallashe su suka yi, su biyun. Ba a ga komai ba. Likita na ƙarshe ya ce ta riƙa hutawa, ya rubuta maganin ƙarin jini.

Magani ɗaya ne bai taɓa yankewa ba, shi ne jiƙon Furera, mahaifiyar Jummai.

Jummai ce ɗiyar fari a wurinta, Furera kuwa tsohuwa ce mai riƙo da kunyar ɗan fari yadda ta tarar ana yi. Tun da aka yaye Jummai aka miƙa ta ga gwaggonta, Furera ba ta ƙara ɗaukarta ba, ba ta taɓa kiran sunanta ba, ko a bikinta ba ta zauna ba. Idan dole ta yi maganarta sai ta ce "waccan". Amma tun makon da ciwon ya fara, kullum bayan sallar asuba tsohuwar takan tako da ƙafa daga Ƙofar Marusa zuwa Ƙofar 'Yandaka, da kwano mai murfi ɗaure cikin ɗankwali. Ba ta shiga gidan Sada. Gidan Rahila take shiga, ta gaishe ta, ta tambayi yara da kaji, sannan ta ajiye kwanon a gefen murhu kamar ta manta da shi, ta tafi. Ɓawon maɗaci ne da ganyen darbejiya da wasu saiwoyi da ita kaɗai ta sani. An san ta da shi a unguwarsu, ya tashi yara da yawa daga masassara. Rahila ta taɓa ɗanɗanawa ta ce har washegari tana jin ɗacin a kunnenta. Jummai kuwa takan riƙe kwanon da hannu biyu ta shanye tas, ba ta ko yamutsa fuska.

Shekarar ce sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. Hotunan 'yan takara ba su gama ɓallewa daga bangaye ba aka sanar da ma'aikatan kamfanin cewa an dakatar da aiki sai sabuwar gwamnati ta duba kwangiloli, kuma baƙin za su koma ƙasarsu kafin ƙarshen watan Yuni. A cikin masu komawa har da matar babban injiniya, wata 'yar tsohuwa gajeruwa mai furfura a yanke, wadda kowa ke kira Madam Lin. Ita ke dafa wa mutanensu abinci, Sada kuma ke kai ta Babbar Kasuwa cefane. Ta iya Hausar kasuwa da ɗan Turanci. Ya sha lura da yadda take tsayawa gaban masu saiwoyi ta ɗauki abu ta shinshina, ta gutsura, ta yi shiru kamar mai sauraron magana daga nesa.

Rannan suna dawowa daga kasuwa ya tsaya a wani kemis ya sayo ƙwayoyin zazzaɓi. Ta tambaye shi na wane ne, don wannan ne karo na huɗu da ta ga ya saya. Ya gaya mata iyakar yadda harshensu ya kai. Ta tambayi wata nawa, ya nuna mata da yatsu. Sai ta ce ya kai ta ta ga matar.

Ranar Asabar da la'asar ya kawo ta, daidai lokacin da zafin ke kan Jummai. Rahila ta shigo don ta yi tafinta, tana cewa ita dai ta zo kallo ne, don ta ga abin da ganye zai yi wanda allura ta kasa. Abin da Madam Lin ta fara nema shi ne takardun asibiti. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, Rahila tana karanta mata, sai da ta tabbata an duba abubuwan da ya kamata a duba. Rahila ta ɗan gyara zama. Daga nan ne suka ji cewa a ƙuruciyarta likitar ƙauye ce a ƙasarsu, shekara ashirin tana yawo da jaka tsakanin gonaki, kuma wurin kakanta ta koyi saiwoyi.

Ta ce Jummai ta fito da harshenta. Jummai ta rufe fuska da mayafi tana dariya, ta ce ita da girmanta ba za ta yi wa baƙuwa gwalo a cikin gidanta ba. Sai da Madam Lin ta zaro nata harshen tukuna, har Rahila ta riƙe ciki, sannan Jummai ta yarda. Tsohuwar ta duba, ta kira Rahila ta nuna mata: harshen ya koɗe, ya kumbura, ga shatin haƙora a gefensa kamar an danna cokali a tuwo.

Sannan ta naɗe wani ɗan tawul ta ɗora hannun Jummai a kai, ta sa yatsu uku a tsintsiyar hannun, ta rufe ido.

Sada ya saba ganin ma'aikatan asibiti suna riƙe hannu suna kallon agogo. Wannan ba agogo take kallo ba. Yatsun suna ɗan motsi, wannan ya danna, wancan ya sassauta, kamar mai neman tasha a rediyo. Gidan ya yi tsit har ana jin akuya tana tuƙa a bayan ɗaki. Ta koma ɗaya hannun ta yi haka nan. Da ta buɗe ido sai ta fara faɗa, Rahila tana juyawa, muryarta tana raguwa da kowace jimla. Ta ce zafin ya fi tsananta ranar da Jummai ta yi wanki ko ta ɗebo ruwa. Ta ce tana gumi ko ba ta yi komai ba, kuma duk da zafin jikin tana gudun iska. Ta ce bayan ta ci abinci sai cikinta ya yi nauyi barci ya kama ta. Ta ce kafin ciwon ya fara ta zubar da jini mai yawa, kuma ba ta kwanta ta huta ba.

Jummai ta sunkuyar da kai. Ɓari ta yi wata guda kafin zazzaɓin, ta ɓoye, ta tashi ta ci gaba da aikinta. Ko Rahila ba ta sani ba. Sada ya dubi yatsun nan uku gajeru, masu tabon wuƙar girki, ya yi tasbihi a zuciyarsa ga Wanda ya rubuta labarin mutum a jijiyar hannunsa, ya kuma ajiye mai iya karantawa a can ƙarshen duniya.

Sai Madam Lin ta tambayi wane abu mai ɗaci Jummai ke sha, kuma tun yaushe. Alhali babu wanda ya taɓa yi mata maganar jiƙon. Aka kawo mata kwanon Furera da ɗan abin da ya rage a gindinsa, ta lakata ta ɗanɗana, ta gyaɗa kai.

Bayanin da ta yi, Sada ta fuskanta da shi, tana nuna ƙofa inda ya ajiye motar kamfani. Ta ce a wurinsu zafi iri biyu ne. Akwai wanda ke faɗo wa mutum daga waje da ƙarfi, da rawar ɗari da ƙishirwa, wannan abu mai ɗaci da sanyi ke kashe shi. Akwai kuma wanda ke tasowa daga ciki saboda ƙarfin mutum ya ƙare. Ta tambaye shi, motar da baƙin manta ya ƙare, idan ta hau ɗan tudu injin ya yi zafi, kwara mata ruwan sanyi kullum zai gyara ta? Ya ce a'a, sai dai injin ya tsage. Ta ce to, matarsa ke nan. Ɗacin nan yana sanyaya cikin da tun farko ba shi da ɗumin narka abinci. Idan aka ci gaba, ba zazzaɓin ne zai kai ta ƙasa ba, yunwa ce, alhali ga abinci a gabanta. Maganin da za ta ba ta mai zaƙi ne, mai ɗumi. Amma sai an bar ɗacin gaba ɗaya, in ba haka ba ɗaya zai riƙa rushe abin da ɗaya ya gina.

Washegari ta ba Sada ƙunshi bakwai a takarda. A ciki akwai wata saiwa rawaya a yanke fale-fale, da wata mai zaƙi kamar rake, da busasshen ɓawon lemo, da citta, da wasu jajayen 'ya'yan itace masu kama da magarya amma sun fi ta girma, da wasu itatuwa da bai san su ba. Ya riƙe su a mota yana jin ƙamshinsu yana mamaki. Duk rayuwarsa ya san magani da ɗaci, kuma ya san zafi da sanyi ake kashe shi. Ga wata ta zo ta ce a ba mai zazzaɓi citta.

Da ya gaya wa Jummai sharaɗin, ta ce za ta sha na baƙuwa, amma ba za ta bar na Inna ba. Bai ja maganar ba. Shi kuma ba shi da bakin da zai tari surukarsa ya ce ta daina. Shekara goma sha huɗu da aurensu, tsakaninsa da Furera gaisuwa ce daga nesa, a tsugune, kai a ƙasa. Idan ya hango ta a hanya lungu yake shiga.

Sai ya roƙi Rahila ta riƙa zubar da jiƙon ta zuba maganin Madam Lin a kwanon. Rahila ta ce ita Kirista, shi Musulmi, tana so ya gaya mata a littafin wane ne aka halatta wannan, don ta san wanda zai amsa tambaya ranar gobe. Duk da haka ta yi. Jummai ta karɓi kwanon da hannu biyu, ta kurɓa sau ɗaya, ta ajiye shi a ƙasa a hankali.

"Wannan ba daga hannunta ya fito ba," in ji ta. "Maman Dauda, kada ki ƙara yi mani haka."

Rahila ba ta ƙara ba. Mako guda Jummai tana shan ɗaci da safe, zaƙi da yamma. Sada bai gaya wa Madam Lin ba. Amma da ta dawo ranar Asabar ta ɗora yatsunta, ko minti biyu ba ta yi ba ta buɗe ido ta dube shi, ba Jummai ba, ta ce ba a bar ɗacin ba. Ta ce saura mata mako ɗaya a ƙasar nan. Za ta zo Juma'a mai zuwa, idan abin yana nan yadda yake ba za ta bar sauran maganin ba, don ɓarnarsa kawai za a yi.

Kwana biyu Sada yana juya abin. Ya san gaskiyar da zai kai Ƙofar Marusa ba ƙaramar gaskiya ba ce. Zai je ya gaya wa tsohuwar da ta yi wata goma sha ɗaya tana tafiyar asuba cewa kowace tafiya rage ɗiyarta take yi. Ya tambayi kansa ko akwai hanyar da zai ceci ɗaya ba tare da ya soki ɗaya ba, ya duba ya duba bai gani ba. Ya kuma tambayi kansa ko kunyar da yake ji ta girmamawa ce, ko kuwa tsoro ne ya sa rigar girmamawa. Wannan ma bai sami amsarsa ba. Ranar Litinin bayan la'asar ya bar Jummai kwance da zafinta, ya tafi.

Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya tsuguna nesa da ƙofar ɗakinta. Labule ne tsakaninsu. Suka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi ƙafa, ya tambayi damina, ya sake komawa kan gida. Da gaisuwa ta ƙare ya shiga maganar da ta kawo shi.

"Inna, an ce maganin nan ya yi mata ƙarfi."

"Wa ya ce?"

"Wata likita ce ta wajen aikinmu. 'Yar Caina."

"Ƙarfi kamar ƙaƙa? Ka faɗi magana, Malam, ba yaro kake ba."

Ya dubi ƙasar da ke tsakanin ƙafafunsa. "An ce shi ke hana ta tashi."

Labulen bai motsa ba. Can sai ta ce ai an yi ruwa jiya wajen Batagarawa, Allah ya sa a samu na albarka. Ta ce ya gaida mutanen gida. Ya tashi ya fita.

Washegari ba kwano. Laraba ma haka, Alhamis ma haka. Jummai ta gane. Ta juya fuskarta ga bango, ta ƙi na baƙuwar, ta ƙi kunu. Da ya matsa mata sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, shekararta talatin da huɗu, ba ta taɓa samun ko loma daga hannun uwarta ba sai wannan kwanon, shi kuma ya je ya tare hanyar. Ta ce ta san yana da ɗaci, ta kuma daɗe da sanin cikinta ba ya son shi. Sada ya fita ya zauna a zaure. Ya faɗi gaskiya, kuma ga abin da gaskiyar ta haifar: da tana shan magani biyu, yanzu ba ta shan ko ɗaya.

Ranar Juma'a da hantsi ya ɗauko Madam Lin da wata jaka cike da ƙunshe-ƙunshe. Ba su daɗe da zama a tsakar gida ba, ita da Rahila da Jummai da aka fito da ita kan tabarma, sai aka yi sallama. Furera ce. Ta wuce Sada a zaure kamar ba ta gan shi ba, ta taka cikin gidan da ba ta taɓa takawa ba. Shi kuma ya maƙale a inda yake, yana hange ta tsagar ƙyaure.

Ta zauna nesa da tabarmar, ta ba Jummai gefe. Ta ce wa Rahila ta zo ne ta ga wadda ta zagi maganinta. Ta kwance bakin zanenta ta fito da guntun ɓawon maɗaci ta ajiye a ƙasa. Madam Lin ta ɗauka da hannu biyu, ta gutsura, ta tauna a hankali ta haɗiye, fuskarta ba ta canza ba. Furera ta ɗan dube ta da kyau. Madam Lin ta ce wannan maganin wadda ta san aikinta ne, su ma suna da ɗan'uwansa, kuma da masassara mai rawar ɗari za ta kama ta a garin nan da kanta za ta zo roƙo. Amma na kwana uku ne, ko biyar. Ba na shekara ba.

Furera ta ce a buɗe mata nata ta gani. Aka kwance ƙunshi ɗaya a faifai. Ta bi su ɗaya-ɗaya da hanci da harshe. Ta gane citta, ta gane ɓawon lemo, ta tauna saiwar nan mai zaƙi ta tofar.

"Wannan ai kayan kunu ne," in ji ta. "Tambaye ta, Maman Dauda, da kayan kunu ake korar zazzaɓi a garinsu?"

Rahila ta juya maganar. Madam Lin ta matso ta kama hannun Furera na dama. Furera ta fizge, baƙuwar ba ta saki ba. Ta ware mata yatsu uku, ta jera su a tsintsiyar hannun Rahila, ta ɗora nata a kai ta danna. Ta ce ta saurari bugun jijiyar. Furera ta ɗan jima, sannan ta ce wannan kam tana ji, kamar ana daka a maƙwabta. Rahila ta ce ai ƙarfin gwaten Filato ne, ba wanda ya yi dariya.

Sai Madam Lin ta jawo ta da hannun har bakin tabarmar Jummai.

Furera ta kawar da kai ta dubi katanga. Amma hannun ya tafi. Sada ya ga yatsun nan uku baƙaƙe, masu kaushin tsinkar ganye, sun sauka a kan siririn hannun matarsa, na baƙuwar farare a bisansu. Jummai ta rufe ido. Ko ƙirjinta bai ga yana motsi ba.

Madam Lin ta danna yatsun kaɗan.

"Ya ɓace," in ji Furera. Muryar ba tata ba ce.

"Yana nan, Mama," in ji Rahila. "Ki sassauta."

Ta sassauta. Abin ya dawo, siriri, kamar zare yana rawa a iska. Ta sake dannawa da kanta ya ɓace, ta sake ɗagawa ya dawo. Madam Lin ta zare hannunta a hankali ta koma wurinta, ta bar su. Inuwar katanga ta ja baya ta bar ƙafafunsu a rana, Furera ba ta ɗauke hannun ba, kuma ba ta juyo da fuskarta ba. Daga inda Sada yake yana ganin leɓenta yana motsi. Ya rasa ko ƙirga take yi ko addu'a. Ya ga abubuwa a yawon aikinsa, ya ga ruwa ya tsinke daga cikin dutse a ƙauyen da aka yi shekara ɗari ana sayen ruwa, amma bai taɓa jin abin da ya ji a zauren nan ba. Ya tarar da kansa a tsaye, bai san lokacin da ya miƙe ba.

Da ta ɗauke hannun sai ta goge shi a zane, ta tambayi yadda ake dafa kayan kunun.

Madam Lin ta yi bayani dalla-dalla. Tukunyar ƙasa, ban da ta ƙarfe. A jiƙa tukuna. Kofi uku na ruwa, wuta ƙasa-ƙasa, har ya koma kofi ɗaya. A tace, a sake zuba ruwa a dafa karo na biyu, a haɗa, a raba safe da yamma, a sha da ɗumi. Ban da ruwan randa mai sanyi, ban da fura da nono har sai ciki ya dawo. Kunu mai laushi, romon kaza, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Ban da wanki, ban da ɗiban ruwa. Ta ce ba alkawari take yi ba, ita ma ta sha ganin wanda ta ba magani bai tashi ba. Idan tari ya zo, ko jini, ko zafin ya haura, Rahila ta mayar da ita asibiti a ranar. Furera ta sa aka maimaita mata sau biyu. Sannan ta ja jakar gabanta ta ƙirga ƙunshi ashirin da ɗaya, ta ɗaure su a ɗankwalinta.

"Gidan nan ba wanda ya iya wuta," in ji ta, tana kallon murhun. Ta tashi ta fita, ta sake wuce Sada.

Madam Lin ta tafi Kano ranar Lahadi, daga can ƙasarsu. Sada ne ya kai su, ita da mijinta. Da za su rabu ya ce Allah ya kai ta gida lafiya, ta ce amin da Hausarta ta kasuwa. Bai ƙara jin labarinta ba.

Furera ke dafa maganin a gidanta, kwanon ya dawo zuwa kullum, Jummai kuma tana shanyewa. Makon farko ba abin da ya canza sai cikin Jummai da ya daina gudu. A na biyu ta fara shanye kununta, zafin yana zuwa amma yana tafiya kafin la'asar ta yi sanyi. Sada yana gida yanzu, aiki ya tsaya, yana da lokacin lura da lokacin tunani. Furera ba ta ƙara amsa gaisuwarsa da fiye da kalma ɗaya ba. Ya kuma ji a bakin mutanen Ƙofar Marusa cewa ta daina ba kowa magani. Mata suna zuwa da yara masu masassara ta gaske, irin wadda jiƙonta ke kashewa, tana ce masu su tafi asibiti, ita hannunta ya tsufa. Wannan ya tsaya masa a rai. Ya san da za a mayar da shi ranar Litinin ɗin nan zai sake tsugunawa ya faɗi abin da ya faɗa, amma sanin haka bai sa ya ji kansa wankakke ba.

Ranar da ƙunshi na goma sha tara ya hau wuta, Sada ya dawo daga masallaci bayan azahar ya tarar da Jummai zaune a ƙofar ɗaki, ta shimfiɗa tafukan hannunta a kan gwiwa tana kallonsu. Ya tambaye ta lafiya, ta ce ya yi shiru, jira take. Ya zauna a kan turmi. Hadari ya haɗu a gabas ya watse. Aka kira la'asar ya je ya dawo, tana nan yadda ya bar ta. Rahila ta leƙo ta katanga za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu, ta koma. Kaji suka fara neman wurin kwana. Jummai ta taɓa wuyanta, ta taɓa goshinta, ta miƙo masa hannu ya taɓa. Sanyi ƙalau, kamar hannun kowa.

Ladan ya fara kiran magariba suna zaune. Sai da ya kai ƙarshe Jummai ta sauke numfashi. Ta ce idan ya fito daga masallaci ya biya ta bakin titi wajen mai tsire, ya sayo mai ƙuli da yawa, kuma kada ya tsaya hira.